Basir ɗin Alhaji Buba

Zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa ina wakilin kamfanin inshora. Na rantse ba mai sa hannu a takardarmu sai ya ji cututtukan da ba ma biya. Na sami Alhaji Buba, dillalin auduga, a zaurensa na unguwar Kumbiya-Kumbiya, cike da baƙi.

"Kawo in sa hannu kawai, Malam," in ji shi.

Na ƙi. Na gyara tabarau, na ɗaga murya: "Banda basir ɗin da likitanmu ya gano maka, Alhaji!"

Ashe baƙin nan surukansa ne da suka zo gaisuwa.

Bai sa hannun ba. Har yau in na shiga kasuwa sai in ji: "Malam Banda Basir, yau na wa za a karanta?"