Rasuwar Skarven, Jirgin Ternevik

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Oddveig Straume, matuƙiyarsa ta shekara goma sha tara, nake sanar da mutanen Ternevik na gida da waɗanda suka koma Bergen rasuwar jirgin ruwanmu mai sauri, Skarven. Ya rasu ranar Asabar, sha huɗu ga Maris, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, yana da shekara ashirin da biyu. Ba teku ce ta ci shi ba. Bai daki dutse ba, bai kama wuta ba. Yana ɗaure a tasharsa, a wanke tsaf, aka taru a zauren makarantar firamare aka ɗaga masa hannun ƙuri'a.

Waɗanda aka haifa bayan zuwansa ba su san abin da muka sha ba, don haka zan gaya musu. Bergen tana tsallaken ruwa, ana hango fitilunta daga tudun coci, amma hanyar mota sai ta zagaye tsaunuka awa uku cur, kuma duk hunturu duwatsu kan gangaro su rufe ta. Iyayenmu suka gaji, suka kafa ƙungiya, kowane gida ya sa hannunsa aka sayo jirgin, aka kuma rubuta cewa kowane baligi yana da ƙuri'a ɗaya a kan lamarinsa. Saboda haka marigayi ba maraya ba ne. Iyayensa sun fi ɗari.

Marigayi mai cika alkawari ne. Minti arba'in yake yi daga nan zuwa Bergen. Ƙarfe shida da minti goma na safe za ka ji shi yana gyaran murya, gur-gur-gur, sai ya daidaita, dum-dum-dum-dum, har tagogin shagon burodi su ɗauki rawa. Idan ya kewaye dutsen da fitilar haska wa jirage hanya take kai da yamma yakan ce tuuut, tuuut, sau biyu, matan ƙauye da mazansu su ɗora tukunyar dankali. Ya ɗauki ma'aikatan jinya da 'yan sakandare da akwatunan kifi, ya ɗauki amare, ya dawo mana da gawawwakinmu gida. Bai taɓa barin wanda ya hango yana gangarowa da gudu, riga a hannu, burodi a baki ba, ko da yake ni nakan leƙo ta taga in zage shi tas. Ba zan ce ba shi da aibu ba. Kofin da ake sha a cikinsa bai taɓa daɗi ba, ƙofar bayan gidansa kuma kukanta ɗaya tun ranar da ya zo, ƙiiiiƙ, kuma idan iskar arewa ta taso yakan sa manyan masunta su riƙe leda suna kiran uwayensu.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a watan Oktoba. Injin hagu ya soma tari, kaf-kaf-kaf, yana fitar da baƙin hayaƙi. Arnfinn Lekve, makanikinmu, wanda ya san cikin jirgin fiye da yadda ya san ɗakin girkinsa, ya kwana biyu yana dubawa, ya fito yana goge hannu.

"Oddveig, kwantar da hankalinki, ba mutuwa zai yi ba," in ji shi. "Inji ɗaya ne ya gaji. A ba ni sabo, a ba ni sati uku, zai binne ni da ke."

Muka rubuta wa shugaban ƙungiya, Kjartan Myking. Ga wanda bai sani ba, Kjartan shi ne mai gina gidajen hutun nan da suka cika gangaren kudu, waɗanda mutanen birni ke zuwa su kwana sati uku a shekara. Mutanen nan suna da ƙananan jiragen shaƙatawa, kuma babu inda ya fi tashar Skarven kariya daga iska a duk gaɓar nan. Ban ce komai ba. Faɗin yadda abubuwa suke kawai nake yi.

Takarda ta farko, Kjartan ya ce za a duba. Ta biyu, ya ce kwamiti bai zauna ba. Ta uku na kai masa da hannuna har ofishinsa.

"Haba Oddveig, zauna mana ki sha kofi," ya ce, yana murmushin nan nasa. "Kowa yana son jirgin nan. Ni ma a cikinsa na je ɗaurin aurena."

"To sa hannu a kawo inji."

"Ba a gaggawa da irin wannan. Mu ɗan rage masa wahala tukuna."

Ga yadda aka rage masa wahala. Aka soke tafiyar safe, aka soke ta yamma, aka bar masa guda ɗaya, ƙarfe sha ɗaya na rana, lokacin da duk mai aiki ya riga ya tafi, duk ɗan makaranta yana aji. Aka kawo motar bas, wai ta wucin gadi. Sai a watan Fabrairu, cikin tsananin sanyi, aka turo wani mutum daga birni da jakar fata ya zauna a kujerar gaba sati biyu yana ƙirga kawuna. Ya rubuta cewa mutanen Ternevik sun daina hawa jirgi. An ɗaure mara lafiya, an hana shi magani, an kawo baƙo ya shaida cewa ba ya iya tashi.

Ranar taron, zauren ya cika har bakin ƙofa. Kjartan ya karanta takardar baƙon, ya nuna hoton yadda tasha za ta koma, da fitilu da wurin shan kofi, ya ce a sayar da jirgin. Arnfinn ya tashi ya yi bayanin inji, ba wanda ya gane rabin abin da ya ce, amma an yarda da shi. Sannan Borghild Aksnes ta miƙe da sandarta. Shekararta saba'in da shida, sau uku a sati ake mata wankin ƙoda a Bergen, kuma shekara shida Skarven yana kai ta da safe ya dawo da ita ta ci abincin yamma da mijinta Torvald. Tun da aka soke tafiyar safe, awa shida take yi a mota kowace rana ta asibiti, tana amai a duk kwanar hanya.

"Ni ban iya dogon jawabi ba," in ji ta. "Ina so ne kawai in riƙa kwana a gadona."

Ta zauna. Na dubi fuskokin mutane, na san mun ci.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi mini wuyar rubutawa, don sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce. Eilif Haugland, mai gyaran wuta, mutumin da bai taɓa ɗaga wa ko kare murya ba, ya ɗaga yatsa kamar ɗan aji.

"Oddveig, tambaya ce kawai. Kafin sabon injin ya iso, idan wannan ya tsaya muku a tsakiyar ruwa fa? 'Yata tana hawa."

Tambaya ce mai kyau, kuma ina da amsarta: injin dama shi kaɗai ya isa ya kawo mu gida. Amma wata biyar ina haɗiye fushi, sai ya fito a kan wanda bai ci ba.

"Kai Eilif, ruwan da ya wuce bahon wankanka ka taɓa shiga? Gidanku dai an san ku da tsoron ruwa. Zauna manya su yi magana."

Aka yi dariya. Ba a gama dariyar ba na tuna cewa ƙanin Jorunn, matar Eilif, a wannan ruwan ya nutse, kuma ba a taɓa ganin gawarsa ba. Eilif ya zauna, kunnuwansa jawur. Jorunn ta zuge rigar sanyinta har wuya. Da aka zo ɗaga hannu, gidan Haugland mutum huɗu, waɗanda tun a ƙofa suka ce mini suna tare da mu, suka ɗaga wa Kjartan. Sittin da uku suka ce a sayar, sittin suka ce a gyara.

Washegari na je gidansu. Jorunn ce ta buɗe.

"Na zo ba da haƙuri," na ce.

"Na ji. Kuma na san jirgin ya fi motar." Ta dube ni ido cikin ido. "Amma shekara goma sha tara kina yi wa mutane tsawa ta taga, Oddveig, muna cewa ai halinki ne. Jiya na gaji."

Ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki nawa. Amma kada wani ya laɓe a bayana. Hannu huɗu bakina ya jawo. Sauran hamsin da tara fa? Na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Na ga wadda na juya da jirgi daga rabin hanya saboda ta manta maganin ɗanta. Na ga wanda muka fita cikin iskar da aka hana kowa fita muka kai shi asibiti da yatsunsa biyu a cikin ƙanƙara, kuma da wannan hannun da aka ɗinke masa ya yi ƙuri'a. Na ga masu mota biyu-biyu a ƙofar gida waɗanda ba su taɓa tambayar yadda wanda ba ya tuƙi zai yi ba. Yanzu ku ne kuke tare ni a shago kuna cewa, "Kai, abin tausayi, ƙarshen wani zamani ke nan." Zamani bai ɗaga hannu ba. Ku kuka ɗaga.

Marigayi ya rasu ya bar 'yan sakandare goma sha ɗaya da yanzu suke kwana a ɗakunan haya a birni, suna ganin iyayensu ranar Asabar. Ya bar ma'aikatan jinya uku, biyu sun riga sun manna takardar sayarwa a gidajensu, kuma 'ya'yansu su ne kusan rabin makarantar da aka yi taron a cikinta. Ya bar Arnfinn, wanda har yanzu yake zuwa kowace safiya ya duba mai a injin da za a yanka. Ya bar Borghild, wadda likita ya ce jikinta ba zai ƙara ɗaukar hanyar mota ba, aka ba ta ɗaki a gidan kula da tsofaffi a Bergen, hawa na huɗu, tagarta tana kallon wurin ajiye motoci.

Ya kuma bar Torvald. Shekara hamsin da biyu da aurensu, ba su taɓa raba ɗaki ba sai bana. Ranar Talata na same shi a tasha yana kallon jirgin, hannu a aljihu.

"Na sayar da tumakin," ya ce.

"Duka?"

"Duka. Har tsohuwar nan mai cizo. Na samu ɗaki kusa da ita, ana zuwa a ƙafa."

"Torvald, kai da ko kwana ɗaya a birni sai ka yi ciwon kai?"

"To ya zan yi, 'yar nan? Ba ta cin abincinsu. Ta ce dankalinsu kamar sabulu." Ya ja hanci. "Ki kai ni da kanki. Ba zan bar ƙauyen nan a bas ba."

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a tashar Ternevik. 'Yan gwangwan da suka saye shi sun so su turo jirgi ya ja shi ta baya, na ƙi. Da ƙafarsa zai tafi, ni zan tuƙa, Arnfinn yana ƙasa wajen inji. Fasinjanmu ɗaya ne, Torvald Aksnes, da akwatunansa uku da agogon bangon Borghild. Za mu sauke shi a Bergen, sannan mu wuce inda za a yanka jirgin.

Ba a buƙatar furanni. Ƙungiyar mawaƙan coci ta nemi ta yi waƙa, na duba sunayensu, na ce a'a. Akwai kofi da miyar kifi a rumfar tasha ga mutum sittin. An ajiye kujeru huɗu a gaba domin gidan Haugland, in sun ga dama, in kuma ba su zo ba, ba ni da bakin magana. Sauran ku zo ku tsaya, tashar taku ce, kun ci ta.

Abu na ƙarshe. Ni da Arnfinn za mu kwance duk igiyoyin jirgin ban da guda ɗaya, ta baya, wadda take ɗaure a turken ƙarfe na bakin tasha. Wannan ta shugaban ƙungiya ce. Kjartan Myking, ka zo da wuri, ka zo babu safar hannu. Za ka sunkuya a gaban Torvald da duk mutanen ƙauyen nan ka kwance ta da kanka. Ba za ka aiko wakili ba, ba za ka ce kwamiti bai zauna ba. Inji zai kasance a kunne, ni kuma ina kan kujerata, kuma tankinmu cike yake. In ka kai mu yamma, za mu jira.