Dirkar da Na Tumɓuke a Zogbeli

Ba zan taɓa mantawa da gidan farko da na mallaka ba, kuma ko na so mantawa, akwai tsofaffi a unguwarmu ta Zogbeli da ba za su bar ni ba. Shekarar da Gwalkwas ta koma Gana ce. Ina matashin malamin makaranta a Tamale, an ɗaura mini aure da Memuna, amma mahaifinta, Alhaji Imoro na Choggu, ya ce ba za ta tare ba sai ya ga inda zan ajiye ta da idonsa. Gidan kuwa ta hannun dillali na saye shi, ban taɓa ganin mai shi ba. An dai ce mini tsohon direban babbar mota ne, kuma shi ya gina komai da hannunsa.

Wannan kam gaskiya aka faɗa, don babu maginin da zai yarda a jingina masa aikin nan. Ƙyauren ɗaki da guntayen tsohuwar taya aka riƙe shi, in ka buɗe sai ya dawo ya buge ka a ƙeya. Indararo cikin gida yake kallo. An shafe bangon ƙasa da siminti sirit, yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Taga ɗaya ƙofar mota ce sukutum, har da mariƙinta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata karkatacciyar dirka ta itacen kaɗanya, an kafa ta a tsakiyar falo, an kuma shafa mata shuɗin fenti (wai ado). Duk wanda ya shigo sai ya kewaya ta kamar shataletale.

Lokacin kowa a gari maganar mulkin kai yake yi, ni ma abin ya hau mini kai. Na ce ƙasa guda ta karɓi ragamarta, ni ne zan kasa gyara ɗaki uku? Na rantse ba zan kira magini ko kafinta ba. Kullum in na taso daga makaranta sai in tuɓe riga in ɗauki guduma. Na juya indararo, na sake ƙyaure, na kankare bango na shafa farar ƙasa. Yatsuna duk suka fashe, har alli ya riƙa gagara ta riƙewa a aji, amma ban fasa ba. Duk ƙusar da na buga kuma sai na raka ta da zagin tsohon mai gidan.

Maƙwabcina Kwaku, kafinta ne daga Kumasi, yakan leƙo ta katanga ya yi ta kallona. Ranar da ya ga na nufi dirkar da zarto, sai ya ce da irin Hausarsa ta kasuwa, "Ticha, wannan itace, bar shi. Mutum ba ya sa itace cikin ɗaki don banza."

Na ce, "Kwaku, mutumin da ya yi taga da ƙofar mota zai iya komai don banza."

Na yanke ta, na tone gindin, na cike ramin. Rufi bai motsa ba. Na kwana uku ina shiga falon ina fita don kawai in ji daɗin tafiya a miƙe.

Ranar Asabar da hantsi Alhaji ya zo. Na sa farar rigata ta ɗaurin aure. Tare da shi akwai wani dattijo siriri mai jar hula, wanda na ɗauka ɗan rakiya ne, na gaishe shi sama-sama. Na shiga zagayawa da su, bakina bai huta ba. Na nuna musu inda taya take a da, na nuna musu tagar, na ce, "Baba, wanda ya gina gidan nan, in da haka yake tuƙi, Allah ne kaɗai ya tsare fasinjojinsa." Alhaji ya yi gyaran murya. Na ɗauka dariya yake dannewa, sai na ƙara (ni fa a lokacin gani nake ina burge suruki).

Da muka shiga falo, dattijon ya tsaya cak, ya dubi ƙasa, ya dubi sama. A hankali ya ce, "Malam, ina dirkar da take nan?"

"Na tumɓuke ta, Baba. Wani marar kan gado ne ya kafa ta."

Dattijon ya sake duban rufin. Ya kama hannun Alhaji ya ce, "Imoro, mu tsaya daga waje."

Abin ya sosa mini rai. Na ce su duba da kyau, rufin nan lafiyarsa ƙalau. Don in tabbatar musu, na hau kujera, na kama babban katakon da ya ratsa falon ya ɗauki rufi, na saki ƙafafuna ina lilo, ina murmushi.

Ashe katakon ba ɗaya ba ne. Gajeru biyu ne aka haɗa baki, aka naɗe da sarƙar keke, aka rufe da tabarma, dirkar kuma ita ke tallafe da mahaɗin. Na ji wata ƙara, sai ga ni zaune a ƙasa, tabarmin silin a kaina, kashin jemage na shekaru yana zubo mini har cikin wuya. Kwanon rufi ya lotso ya tsaya dab da kaina. Farar rigata ta koma kalar daddawa. Jemagu biyu suka fita ta ƙofa, suka wuce ta saman hular surukina.

Da Alhaji ya tabbatar ban karye ba, ya ce, "Ɗana, ban samu sarari na gabatar maka da shi ba, don tun da muka shigo kake magana. Wannan Yakubu ne, aminina tun muna yara. Shi ya gina gidan."

Na so a ce rufin ya ƙarasa saukowa. Kwaku yana bakin katanga, bai yi dariya ba, wannan ya fi dariyar ciwo.

Baba Yakubu ya tsuguna ya cire mini tabarma daga ka. Ya ce, "Tagar kam ka yi gaskiya, ni ma ban taɓa son ta ba. Amma dirkar nan shekara da shekaru tana aikinta."

Alhaji ya ɗage tarewa sai bayan damina. Washegari na wanke fuska na tafi gidan Baba Yakubu na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya zo ya nuna mini duk inda ya yi dabara. Ya zo, muka bi gidan ɗaki-ɗaki da alli, yana nunawa ina sa alama, allin ya ƙare kafin mu kai madafa. Na kira Kwaku ya ja aikin, ni na koma mai miƙa ƙusa. Kafin ruwa ya ɗauke mun gama, bayan damina Memuna ta tare, a gidan muka haifi 'ya'yanmu duka.

Tun daga ranar, in na ga abu mummuna a tsaye inda bai dace ba, nakan fara tambayar me yake ɗauke da shi. In kuma zan zagi mutumin da ban sani ba, nakan fara tambayar sunan duk wanda ke cikin ɗakin.