An Ƙone Maganin, Ga Shi a Bayan Shago

Jama'a, da ciwon ƙafa nake rubuta muku yau, don na sha yawo a garin nan neman ƙwayar hawan jini. Ba tawa ba ce, ta surukata ce, Inna, wadda ke zaune tare da mu. Nawa jinin daga baya ya hau.

Shekara da shekaru a bayan tasha muke saya mata, wajen wani bawan Allah da ake kira Sha-Yanzu. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma yana da farar riga da tabarau, kuma bakinsa bai iya cewa "babu" ba. Na san bai dace magani ya yini a rana kusa da mai sayar da baƙin mai ba. Sai dai ƙwayarsa tana aiki, ya kuma san hannun da yake saro ta.

Rannan na isa na tarar da rumfuna a wargaje. Mai faci ya ɗago daga kan taya ya ce, "Malam, ba ka da labari? Manya sun zo, sun kwashe komai. Je ka kunna talabijin."

Na kunna. Ga Ranka Ya Daɗe Mai Girma Shugaban Kwamitin Ceto Talaka Daga Jabun Magani, da sabon ɗinki da safar hannu, ya ƙyasta ashana a kan tulin kwalaye. Wuta ta tashi, aka kaure da tafi. Ya ce daga yau ingantaccen magani kaɗai za mu sha. Har ƙwalla na yi. Ban san ana ƙaunarmu haka ba.

Washegari na nufi asibitin gwamnati, gidan ingantaccen magani. Matar da ke taga ko kai ba ta ɗaga ba.

"Babu."

"Yaushe zai zo, Hajiya?"

"Ana zama a kai."

Da ta ga na kafe, ta rage murya. "Bi ta bayan shagon mai gyaran firji. Ka ce ni na turo ka."

Na fara biyawa ta babban kantin magani na bakin titi, mai ƙofar gilashi. Akwai shi kam. Da suka faɗi farashi, na yi musu fatan alheri na fito.

A bayan shagon firji wa zan gani? Sha-Yanzu, ya harɗe a kan buhuna.

"Dakta, ba kayanka aka ƙone ba?"

"Kwali aka ƙone, Malam. Kwali kam ya ci wuta, da idona na gani."

"Na cikin fa?"

"Direban kwamiti ya dawo mana da shi, muka fansa. Illa dai sun juye na kowa wuri guda, nawa da na waɗanda ko gaisawa ba ma yi. Amma kwantar da hankalinka. Yanzu ai magani ne da ya bi ta hannun hukuma."

Na saya. Da me zan koma gida?

Inna ta haɗiya ta ce, "Ɗan nan, wannan ƙwayar ba ta da ɗaci." Na ce wataƙila ingancin ne ya cire ɗacin. Muka yi dariya, har da ita.

Ba a rufa mako ba, tana shanya a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi. Ihun maiɗakina har yanzu yana kunnena. A asibiti likita ya karɓi ragowar ƙwayar, ya ja layi da guda ɗaya a kan teburinsa, fari tas.

"Alli ne," in ji shi.

Inna ta farfaɗo, mun gode Allah. Amma hannunta na hagu ba ya riƙe kofi, 'yarta ce ke ba ta ruwa a baki.

Likita ya rufe ni da faɗa. "Sau nawa za a ce ku daina sayen magani a kasuwa?"

"Ranka ya daɗe, to a ina za mu saya?"

Ya dubi ƙofa, sannan ya ce a hankali, "Koma wajen mutumin. Ka ce ya ba ka irin wanda yake ba mahaifiyarsa."

Na koma a fusace, na faɗa masa. Sha-Yanzu ya cire tabarau ya goge ido da bakin farar rigar.

"Malam, gado na biyu daga na surukarka, tsohuwar nan mai robar iska a hanci. Mahaifiyata ce."

Na zauna a kan buhu kusa da shi.

Yanzu na ji an ƙara wa kwamiti sababbin motoci saboda ƙwazo, kuma za su sake fitowa cetonmu nan gaba kaɗan. Don haka duk mai niyyar rashin lafiya ya yi maza, kafin su iso.