Ranar da Na Yi Liƙi da Matattun Fam

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, cikin shekarun nan da kuɗin man fetur suka juya wa mutanenmu kai, ranar da wani sanƙira ya ɗaga kuɗina sama a gaban jama'a ya nemi a yi musu addu'ar mamaci. Na daɗe ina ba da labarin nan a gyare, yadda zan fito kamar wanda aka zalunta. Yau dai zan faɗe shi yadda ya faru.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin haɗa motoci a Dagenham, a sashen fenti. Karatu ne ya kawo ni Landan, karatun ya ƙare ni ban koma ba. Na yi aure, muka haifi yara biyu, na ci bashin banki na sayi ɗan gida mai bene ɗaya, irin bashin nan da ake kira mogej. Shekara ashirin da biyar suka rubuta mini. Ranar da na sa hannu, a cikin bas na yi lissafi da yatsuna, na ga sai na haura sittin ina shaƙar fenti kafin gidan ya zama nawa. Ga kuma kuɗin ruwa, da nakan ji nauyinsu a ƙirjina duk sanda na ɗaga hannu zan roƙi Allah. Kafin in sauka daga bas ɗin na yanke wa kaina hukunci: a shekara goma zan biya, in tara ɗan abin da zan riƙe kaina da shi, in ajiye aiki tun huhuna yana da sauran amfani.

Daga nan gidanmu ya koma barikin soja. Duk obatayim ɗin da aka bayar ni ne a gaban layi. Ɗakunan sama biyu na zuba 'yan haya, mu huɗu muka takure a ƙasa. Hitar ɗumama ɗaki awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, ni ke kunnawa ni ke kashewa (har agogo na saya musamman don wannan aikin, na gwanjo). Matata Hauwa tana ɗinki da keken hannu har yatsunta su sandare, yara suna kwana da safa biyu-biyu. Ƙarshen kowane wata nakan sa abin da na tatso cikin ambulan in kai banki a rage uwar bashin, ɗan canjin kuma in zuba a asusun gidan waya saboda ranar ajiye aiki. Hauwa ta yi mita, ta yi kuka, ta kai ƙarata wurin manya, har ta gaji. Ni kuwa ko a jikina, gani nake duk Ingila babu mai hankali sai ni.

A daidai wannan lokacin ne mutanen gida suka fara sauka Landan da akwatuna wayam, su koma da su maƙil. Wanda na bari yana aron kekena a Zariya sai ga shi cikin tasi yana tambayata inda ake sayar da takalmi dozin-dozin. "Kai har yanzu kana nan kana yi wa Bature fenti? Ka dawo gida mana, kwangila ɗaya ta ishe ka." Nakan yi dariya in ce ina nan tafe. A raina kuwa cewa nake, ku ci naku, ni na san inda na dosa.

Sai bikin Rabi ya taso. Rabi 'yar Baba Dakta ce, wani likita dattijo da ke zaune a Woolwich, wanda ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa ranar da na iso da 'yar kwat ɗin da ko iska ba ta tarewa. Wata huɗu na yi ina kwana a falonsa ban biya ko kwabo ba, shi ne kuma ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Ango ɗan wani mai kwangilar siminti ne daga Kano, uban ango kuma ya rantse sai an yi biki irin na gida. Ya kama wani babban zauren taro, ya ɗauko makaɗa da sanƙiransu a jirgin sama tun daga Kano. Labari ya zagaya cewa za a yi liƙi, kowa ya fito fili ya yi ruwan kuɗi.

Nan fa hankalina ya tashi. Ƙin zuwa ba zai yiwu ba. In je hannu rabbana kuma, ni da kowa ya san ina da gida a Landan, girman kaina ya ce bai yarda ba. In taɓa ambulan ɗin wata kuwa, wannan ko a mafarki. Ranar Juma'a tun daga masallacin Regent's Park nake saƙa da warwara, ina shiga gida shaiɗan ya tuna mini da gwangwanin biskit.

Ranar da zan baro gida, kawunnai da goggonni kowa ya damƙa mini ɗan guzuri, fam-fam na Najeriya, guda goma sha biyu. Ban kashe ba, na adana a gwangwani na ce sai ranar komawa. Ina nan aka canja kuɗi zuwa naira, wa'adin musanya ya wuce, fam ɗina suka zama takardun banza. (Kada wani ya tausaya mini ya ce ban sani ba. Na sani sarai, har baƙin cikin kwana uku na yi.) Dabarar da ta zo mini ita ce, ai a wurin liƙi manna kuɗi ake a goshi, su faɗi ƙasa, a tattake, daga baya a share a zuba a kwano. Wa zai tsaya duba wanne ne na wa? Na goge su da dutsen guga, na naɗe, na lulluɓe su da fam ɗaya na Ingila na gaske. Har na yaba wa kaina.

Asabar da rana muka tafi. Ambulan ɗin banki, fam arba'in cif, yana aljihun ciki na rigata, don ban samu kaiwa ba, kuma ba na barin kuɗi a gida da 'yan haya. Hauwa ta san da ambulan, amma ba ta san da maganar gwangwani ba.

Zauren ya cika, ƙamshin turare har yana sa atishawa, matan da suka zo daga gida kowacce wuyanta da hannunta sai walƙiyar gwal. Aka ci shinkafa da kaji (faranti biyu na ci, ban ga dalilin ɓoyewa ba). Kalangu ya ɗauka, sai na lura da abin da ban yi tsammani ba. Waɗannan makaɗan ba sa barin kuɗi su taɓa ƙasa. Duk wanda ya fito, sanƙira yake miƙa wa, shi kuma ya warware, ya ɗaga kowace takarda sama, ya shelanta a lasifika da sunanka da na ubanka. Daɗewar da na yi a waje ta mantar da ni cewa aikin sanƙira ke nan, kuma ba a ɓoye yake yin sa ba.

"Alhaji uban ango, fam ɗari! An gode, Allah ya ƙara arziki!" Mata suka rangaɗa guɗa.

Na fara zamewa ta bayan kujeru zan nufi banɗaki. Ashe wani ɗan tsegumi ya riga ya raɗa wa sanƙiran labarina.

"Ina mai gida a Landan? Ina na Dagenham, wanda ya sayi ƙasar Bature da guminsa? Ɗan hannun daman Baba Dakta, fito a gan ka!"

Aka buɗa mini hanya ana tafi. Ƙafafuna suka kai ni ba da shawarata ba. Na miƙa masa ƙunshin, na matse hannunsa, na ce a hankali, "Sa a aljihu kawai, ba sai ka faɗa ba." Shi kuwa ya ɗauka tawali'u ne irin na masu hali.

"Jama'a, wai kada in faɗa! Ai irin nasu ne ake faɗa!"

Ya warware. "Fam ɗaya na Sarauniya, somin taɓi!" Ya zaro takarda ta biyu, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta wajen fitila. Ya duba ta uku, ya duba ta huɗu. Sai ya ɗaga wa mai kalangu hannu, kiɗa ya ɗauke ɗif.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi, bakinsa manne da lasifika. "Jama'a, waɗannan bayin Allah ai sun daɗe da rasuwa. Da ni aka yi jana'izarsu a Kano. Malam, a wace maƙabarta ka tono su?"

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Uban ango yana share hawaye da hannun riga, wata Hajiya ta riƙe ciki tana roƙon a ba ta ruwa. Sanƙira ya baje su kamar mafici yana zagayawa: "Marigaya goma sha biyu! A yi musu addu'a!" Na hango Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Inda Baba Dakta yake zaune kuwa ban yi gigin kallo ba.

Gumi ya jiƙa mini hula. Sai wani tunani ya zo: ai ga mafita a ƙirjina. In zaro fam arba'in ɗin nan in damƙa masa, in ce wasa nake yi, dariyar ta koma kirari, gobe a ce na iya barkwanci. Na zura hannu cikin riga, har yatsuna sun taɓa bakin ambulan, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Hauwa ce. Ta ratso daga ɓangaren mata ban gan ta ba.

"Malam, cire hannunka," ta ce ƙasa-ƙasa, tana murmushi saboda idon jama'a.

"Hauwa, mutuncina fa."

"Mutuncin ai ya riga ya zube, fam arba'in ba za su kwashe shi ba. Shekara huɗu ina ɗinki cikin sanyi, 'ya'yana suna kwana da safa. Ba don ka ba maroƙi na yi ba. Wallahi ka fito da ambulan ɗin nan, daga yau hita ba za ta sake mutuwa a gidan nan ba."

Na dube ta. Matar da ta kai ƙarata wurin manya a kan wannan ambulan ɗin, yau ita ce ta tsaya masa gadi. Na cire hannuna. Wani taurin kai ya taso mini daga ƙasan ciki, na karɓi lasifikar daga hannun sanƙira.

"Jama'a, gaskiya ya faɗa. Sun mutu, kuma na sani, na kuwa ji kunya. Kuɗi masu rai ina da su, ga su nan a ƙirjina, amma na bashin gida ne, Litinin za su banki. Wanda bai gama dariya ba ya ƙarasa."

Suka kuwa ƙarasa. (Mutum biyu sun tafa, ina jin don tausayi ne.) Sanƙira ya ce, "To, Allah ya biya bashi!" Ya miƙo mini gawawwakina, ya soke fam ɗin Sarauniya a hula. Na so mu sulale gida, Hauwa ta ce ko kusa, ba za a ce mun gudu ba. Muka zauna har aka tashi, kanta a miƙe, tana gaisawa da kowa. Muna isa gida ta daina yi mini magana, sai da ta kwana tara.

Washegari na tafi Woolwich. Na sami Baba Dakta a falon nan da na taɓa kwana, yana shan shayi. Na durƙusa na ce, "Baba, gafara na zo nema."

Ya kurɓi shayinsa. Can ya ajiye kofi.

"Tashi ka zauna. Dariyar ba ta dame ni ba, gobe za su sami wani su yi wa. Na san gida kake biya, ni ma na biya nawa, na san zafinsa. Da ka zo da safe ka taya mu jera kujeru, da ka gama mini komai. Amma sai ka zauna ka naɗe takardun banza don ka rufe mini ido. Yaushe na zama baƙo a wurinka?"

Wannan tambayar ta fi dariyar zauren nan zafi. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini, ni da gemuna. Ya yafe mini a ranar, har ya sa aka kawo mini shayi.

Litinin da safe na kai ambulan banki, ko sisi bai ragu ba. A shekara tara da 'yan watanni na gama da mogej, na ajiye aikin fenti ina da arba'in da bakwai, ina hawa bene ba na haki. Sunan "Mai Gawa" dai ya bi ni, har yau akwai tsofaffin da in mun haɗu a masallaci sai sun tambaye ni ya mutanen maƙabarta. Nakan ce suna gaishe su. Ban yi nadamar riƙe fam arba'in ɗin nan ba, ban yi nadamar kashe hita ba, kuma da za a mayar da ni baya haka zan sake matse hannu. Abu ɗaya na koya: in rowa za ka yi, yi ta a fili kowa ya gani, kada ka goge ta da dutsen guga ka kai wa mutanen da suka san ka tun ba ka da komai.

Tun daga ranar, duk bikin da aka gayyace ni, ni ne farkon zuwa. In jera kujeru, in yi wa ango da amarya addu'a, in nemi wuri in zauna. Idan sanƙira ya kira sunana, daga inda nake nakan ɗaga masa tafukana biyu wayam, ya duba da kyau, ya wuce na gaba.