Rasuwar 'Yar Turai, Ciyawar Gidan Alhaji Kalilu Maiturare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai ciwo saboda yawan sunkuyo, Alhaji Kalilu Maiturare na unguwar Kusugu a Daura yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har ma da mahassada tunda su suka fi saurin kai labari, rasuwar ciyawar farfajiyar gidansa, wadda aka fi sani da 'Yar Turai. Ta cika ranar Talata da hantsi bayan jinyar mako uku. Watanta tara a duniya. Ta tafi ana saura kwana huɗu ɗaurin auren 'yarsa Rauda, kuma don wannan ranar kaɗai aka shuka ta.

Ga waɗanda ba su san asalin marigayiyar ba, bakin Alhaji ne ya haife ta. Bara ya je Abuja ganin dangin mai neman Rauda, aka zaunar da shi a kan wata ciyawa shar da ita. Kawun ango ya tambaye shi, cikin ladabi irin mai ƙona rai, ko a Daura akwai wani abu ban da rairayi. Alhaji bai yi wata-wata ba ya ce ai wadda ke gidansa ta fi wannan laushi. Kawu ya ce madalla, ranar ɗaurin aure a kanta zai zauna. To a lokacin babu komai a farfajiyar sai kuɓewa da yakuwar Hajiya Barakatu, matarsa. Ya dawo da irin ciyawar ƙasashen sanyi a leda, ya sa aka tumɓuke kayan miyar. Hajiya kuwa ta shayar da shi miyar kuka wata biyu a jere.

Marigayiyar mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa wahalar da kowa da girbi ba. Ba ta tsaba, ba ta fure, ba ta shiga miya. Ruwa kawai take sha, kuma wallahi ta sha, har masu tura kura suna gaishe ta kafin su gaida maigidan. Da almakashin tela Alhaji yake mata aski, a durƙushe. Da bazara ta matsa ya kafa mata rumfa, shi ya koma rana da kujerarsa. Ba ta da yawan magana. In iska ta kaɗa sai ka ji shuu, shuu, in kuma Alhaji ya cire takalmi ya taka ta da safe ta ce cakal, cakal. Shi kaɗai ya san wannan muryar, don ko limamin unguwa ta gefen katanga yake bi.

Ciwon ajali ya same ta a tsakiyar damina. Wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan toka suka feso a ganyenta, bakin ganyen ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Alhaji ɗan manoma ne, a gidansu duk shukar da ta yi laushi taki ake ba ta. Ya ɗura mata takin yuriya, ya ƙara mata ruwa da yamma don ta kwana da sanyi. Ashe cutar yake kiwatawa. Saminu mai shagon kayan gona, da aka kai masa ganyen, ya riƙe baki. Ya ce funfuna ce irin ta ganye, abincinta taki da laima, a daina duka biyun. Ya ba da maganin feshi, ya ce a maimaita bayan mako biyu, ya kuma ja kunne cewa maganin ya fi iya tsare mai lafiya a kan tada wanda ya kwanta. A lokacin rabin farfajiyar kore ne, da sauran rai.

Sai aka zo kan famfo. Famfon feshi ɗaya ne a layin, na Zailani maƙwabci mai gona a hanyar Zango, kuma gida-gida yake yawo. Alhaji ya aika a aro masa, zai fesa wa ciyawarsa. Zailani ya yi hamdala. Shekara talatin yana yaƙi da ciyawa a gonar gero, bai taɓa jin wanda ya goya famfo don ya raya ta ba. Ya ɗauka hankalin Alhaji ne ya dawo. Kuma mutum ne mai kara, ba ya miƙa wa maƙwabci abu fanko, don haka ya bar masa ragowar maganin kashe ciyawa a ciki, kyauta. Alhaji ya leƙa ya ga ruwa, ya zuba nasa a kai, ya goya, ya bi ta lungu-lungu da bisimilla. Kai, har sau biyu ya zagaya don kada wani ganye ya ce an manta da shi.

Kwana shida ta yi tana jan rai. Kalmarta ta ƙarshe, da Alhaji ya taka ta ranar Talata, ita ce ƙurus.

Ta rasu ta bar Alhaji Kalilu, wanda ya zauna a bakin rumfa ya yi kuka na gaske, kukan da bai yi ba ranar da gobara ta ci masa shagon turare. Ta bar Rauda, wadda ta ce ita da mutum za a ɗaura mata aure ba da ciyawa ba, maganar da ba ta sanyaya wa kowa rai ba. Ta bar Hajiya Barakatu, da take karɓar gaisuwa fuskarta fes. Ta bar almakashi, da rabin buhun yuriya, da awakin layi da suka yi wata tara suna leƙenta ta ƙasan ƙofa, yanzu kuma an hana su ko sansana gawar saboda guba. Ta bar Zailani, wanda har yau yake jiran a gode masa.

Game da jana'iza, iyalan sun yanke cewa ba za a kai ta ko'ina ba, inda ta faɗi nan ne makwancinta. Ranar Juma'a bayan la'asar za a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a lulluɓe ta da korayen tabarmin roba goma sha biyu da aka aro daga makarantar Islamiyya. Ranar Asabar a kanta za a zaunar da baƙin Abuja, kawun ango a tsakiya, yadda aka yi masa alkawari. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ɗaga bakin tabarma, ko da carbinsa ne ya shige. Za a fara karɓar ta'aziyya ranar Lahadi, bayan an tabbatar motocinsu sun wuce Kazaure. Duk wanda ya yi wa Alhaji gaisuwar rashi a gaban baƙi, ba shi ba shinkafar biki, kuma a aro masa famfon Zailani ya je ya yi wa gonarsa magani.