Takalman Kwamanda a Ƙofar Zumunta

Aminiyata, matso kusa, amma ajiye kofin nan tukuna kada ki ƙware.

Kin san Kwamanda, ƙanin maigidana, wanda ya raɗa wa kansa sunan nan ranar da aka ba shi riƙon zumuntar matasa? To, shi ne ya miƙe a gaban dattawan ikkilisiya ya bugi ƙirji.

"Ni fa in na buɗe baki, matasa har ta taga suke shigowa! Ɗakin nan ya yi mana kaɗan, a rushe bango!"

Baba Dattijo ya gyara tabarau. "Madalla, ɗana. Ranar Asabar zan zo in gani. In ɗaki ya cika, kujera taka ce. In bai cika ba, mu ba wani."

Allah na tuba, matasan nasa uku ne. Ɗaya ma barci yake zuwa yi saboda fanka.

Gogan naki ya fara gwaji da lemo da biskit. Yara suka cika ɗaki maƙil. Ya rufe ido ya ja addu'ar buɗewa mai tsawon igiyar rijiya. Da ya ce amin ya buɗe ido, daga shi sai kwalabe.

Sai dabara ta faɗo masa. Tun da mata suka shimfiɗa sabon kafet, a ƙofa ake tuɓe takalma. Baba kuwa gwiwa ta hana shi hawa matakala, daga ƙasa yake tsayawa ya ƙirga takalma da bakin sanda.

Uban 'yan wayo ya garzaya wurin mai gwanjon takalma.

"Aron buhu guda nake so ranar Asabar, zuwa yamma."

"Sai dai na kan tebur, Kwamanda. Kuma ƙafata ƙafar kayana."

"Ko na kan rufi ne, kwaso!"

Asabar ta yi, aka baje takalma tun daga ƙofa har bakin titi. Mai gwanjo ya ja benci ya zauna a gefe. Kwamanda ya tuɓe nasa masu ƙyalli ya ajiye a sahun gaba, ya shige ya ja labule.

"Ku rera kamar ku ɗari ne! Kai mai barci, ko munshari ne ka ɗaga murya!"

Can sai ga Baba yana dogara sanda. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya goge.

"Kwamanda! Fito."

Ya fito yana washe baki. "Baba, ka ga aikin Ubangiji? Wasu ma ba takalmi suka zo!"

"Na gani, ɗana. Wane irin hatsari ne ya same su?"

"Hatsari kuma?"

"Duk hagu ne. Ko dama ɗaya babu. Ga kuma na jariri. Shi ma ya zo ba da shaida ne?"

Mai gwanjo ya yi caraf: "Ai haka muke baza kaya, Baba, saboda ɓarayi. Daman suna shago. In akwai wanda ya yi maka, a sasanta."

Ranar dai gwiwar Baba ta hau matakala. Ya ɗaga labule: biyu murya ta dushe, na uku ya yi nisa a barci. Ya tambayi sunan kowannensu, ya sa musu albarka, sannan ya juyo ya miƙa hannu.

"Ɗana, ko sunan waɗannan ukun ka sani?"

Kwamanda ya hau sosa ƙeya.

"Kawo makulli."

Kwamanda ya fito gumi sharkaf yana laluben takalmansa. Sama ko ƙasa.

"Kai, ina nawa?"

"Au, naka ne? Su kaɗai ne cikakku, wani mai wucewa ya taya, na sallama. Amma zaɓi biyu a nan, na yafe maka."

Haka ya bi titi da hagu biyu, ɗaya baƙi ɗaya ja, yana tafiya yana karkacewa kamar keken da aka murɗe wa kai, yaran unguwa na binsa: "Kwamanda, hagu! Hagu! Hagu!"

Don Allah, aminiyata, ya tsaya tsakaninmu. Surukata har yau ta ɗauka ƙaya ya taka.