Tarin Isufu Mai Shayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban jama'a a Agege ina neman a fito mini da munafuki ba. Lokacin korona ne. Ni mahauci ne, kuma kullum a teburin Isufu mai shayi nake karyawa, wani ɗan Nijar da bai iya faɗa ba.

Wata safiya hayaƙi ya sarƙe shi, ya yi tari har da hawaye. Da idona na ga hayaƙi ne. Amma da na isa kwata, inda muke yanka dabbobi, don dai in sami abin faɗa, na ce wa Sale abokin aikina, "Tarin nan na Isufu bai kwanta mini ba." (Iyakar abin da na ce ke nan, wallahi.)

Kafin sati ya zagayo bencin Isufu ya zama wayam. Ni ko a jikina. Sai kuma mutane suka fara lissafi: wa ya fi kowa shan shayinsa, a kofunan nan da ake ɗaurayewa a bokiti ɗaya? Ni ne. Matan Yarbawa da suka saba sayen namana suka koma wuce ni suna toshe hanci. Nama ya riƙa kwana.

A ɗaurin auren ɗan Sarkin Fawa abin ya kai ni bango. Kowa na cin shinkafa a tire ɗaya, ni aka turo mini tawa a leda. Na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, yau sai an nuna mini marar tsoron Allahn da ya ƙirƙiro ƙaryar nan ta cewa ina da korona."

"Zauna," in ji Sarkin Fawa, "za mu bi sawu."

Tela ya ce daga ɗan okada ya ji. Ɗan okada ya nuna ladan. Ladan ya nuna Sale. Ni kuwa sai zuga nake yi: "Faɗi sunansa, kada ka rufa wa azzalumi asiri."

Sale ya sosa ƙeya. "Oga, ai kai ne."

Ko dariya ba a yi ba. Da ma an yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na iske Isufu yana shirin komawa gida, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Gafara ba ta cika benci, malam. Zauna inda za a gan ka, ka sha." Haka na yi ta kwankwaɗar shayi a bainar jama'a har mutane suka dawo.

Yanzu kafin in ce a nemo mai laifi, nakan fara tambayar kaina a ɓoye.